Akwatin holografi na ɗakin gwaji: abin da yake gani a cikin ruwan madara, da abin da zai jure a Damagaram

Tallar da ke rakiyar irin wannan akwati takan zo da magana mai daɗin ji: wai da shi za a ga abin da ke ɓoye cikin hazo, cikin hayaƙi, har ma ƙarƙashin fata. Rabin maganar gaskiya ne. Idan an haɗa shi yadda ya kamata, yana iya fito da hoton allurar da aka nutsar cikin ruwa mai gaurayen madara, a lokacin da ido da kyamarar waya suka daina ganin komai sai fari fat. Amma iyakarsa kusa take, kuma lissafi ne ya gindaya ta, ba rowar mai ƙerawa ba. Sannan a Damagaram abin da zai sa ya yi aiki ko ya zama kayan ado a kabad ba madubansa ba ne: teburin da aka ɗora shi ne, da ƙurar ɗakin, da wutar da ke ciyar da shi.

Akwatin da ake magana a kai shi ne irin wanda dillalan kayan kimiyya ke haɗa wa jami'o'i don koyar da holografi na dijital. Abin da aka saba samu a ciki: leza ja ta iskar heliyom da niyon mai ƙarfin miliwat 2, tsawon zangon haskenta nanomita 632.8 (nanomita kashi 1 ne cikin miliyan na milimita), ruwan tabarau na madubin likita mai ninki 10, ɗan farantin ƙarfe mai huda ta maikuromita 25 (maikuromita kashi 1 ne cikin 1,000 na milimita), wani ruwan tabarau mai tsawon tarawa milimita 200, marabin haske guda 2, madubai 2 a kan mariƙai masu juyawa, matatun rage haske, kyamara mai ɗaukar fari da baƙi, kwalaben gwaji masu kusurwa huɗu, faɗin cikinsu milimita 10, da farantin alminiyom mai ramuka wanda ake ɗaure komai a kansa. Akwai sigar araha wadda aka musanya lezar da ƴar leza kore, kyamarar kuma da mai kala. Za mu zo kanta.

Sai an fahimci dabarar kafin a san abin da ake biya wa kuɗi. Haske yana tafiya kamar igiyar ruwa, yana hawa yana sauka. Nisan da ke tsakanin ƙololuwa da ƙololuwa shi ne tsawon zango. Inda igiyar ta kai a hawa da saukarta a wani lokaci kuma, mu kira shi taku. Kyamara ƙarfin haske kawai take aunawa, takun yana kuɓuce mata, alhali a cikinsa labarin nisa da siffar abu yake. Dennis Gabor ne ya gano hanyar kama shi a Ingila a 1947, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1971. A raba hasken leza gida biyu. Ɗaya ya bi ta kan abin da ake son gani, ɗayan ya bi hanya mai tsabta, shi ne hasken shaida. Idan suka haɗu a kan kyamara, inda takunsu ya zo ɗaya wuri ya yi haske, inda ya saɓa ya yi duhu, sai ratsi-ratsi su fito kamar na zanen saƙi. Wannan ratsin shi ne hologiram. Emmett Leith da Juris Upatnieks na Jami'ar Michigan suka ƙara, a 1962, cewa a karkatar da hasken shaida kaɗan domin hoton ya rabu da inuwarsa. Ulf Schnars da Werner Jüptner kuma suka nuna a Bremen a 1994 cewa kyamarar lantarki za ta iya maye gurbin fim, kwamfuta ta yi wankin hoton da lissafi. Akwatin nan jikan waɗannan ayyuka ne.

To ina ruwan wannan da madara? Hasken da ya shiga ruwa mai gurɓi kashi biyu yake fita. Ɗan kaɗan ya wuce a miƙe bai taɓa ko ƙwaya ɗaya ba, shi ke ɗauke da inuwar allurar. Mafi yawa ya yi ta karo da ƙwayoyin kitse da na furotin, ya fito ta ko'ina, shi ne farin da ke rufe ido. Ƙwayoyin nan ba a tsaye suke ba, kullum cikin rawa suke saboda zafin ruwan kansa, don haka takun hasken da ya taɓa su yana ta canzawa. A ɗan lokacin da kyamara ta buɗe ido, ratsin da wannan haske zai yi da hasken shaida sai ya goge kansa ya zama toka-toka. Miƙaƙƙen hasken kuwa takunsa bai motsa ba, ratsinsa na nan daram. Lissafin Fourier, wanda ke rarrabe hoto gwargwadon tazarar ratsin da ke cikinsa, sai ya tankaɗe hoton, ya riƙe mai ratsi ya zubar da marar ratsi. Karl Stetson ya nuna wannan da hazo tun 1967. Ba sabon sihiri ba ne, kuma abin da akwatin ya fi iyawa ke nan.

Lezar heliyom da niyon ita ce mafi kyawun abu a cikin akwatin. Tsawon jituwarta, wato bambancin nisan da hanyoyin biyu za su iya yi ba tare da ratsin ya ɓace ba, yana kai wajen santimita 20, abin da ke yafe wa ɗalibi kuskuren awo. Sai dai a tabbatar an yi odar wadda fuskar kaɗawar haskenta, wato ɓangaren da igiyar ke kaɗawa, sama da ƙasa ko gefe da gefe, take a tsaye guda ɗaya. Akwai masu araha da fuskar ke sauyawa da kanta yayin da bututun ke ɗumi. Da su za a ga ratsi yana ƙarfi yana dushewa ba dalili, malami ya yi ta zargin madubi. Ko mai kyau ce tana buƙatar minti 20 zuwa 30 a kunne kafin ta natsu. Wasu masu ƙera irin ta suna tsayar da iyakar zafin aiki a kusan digiri 40, mu kuwa Afrilu da Mayu sun saba wuce nan a inuwa. Ɗaki marar kilim da rana tsaka a bazara ba wurinta ba ne. Kuma a kiyaye: akwatin wutarta yana fitar da fiye da bolt 1,000, ba abin da mai gyaran rediyo zai buɗe don duba fiyus ba ne.

Sigar araha mai leza kore ta nanomita 532 ba mu ba da shawarar sayenta ba. Tsawon jituwar irin waɗannan gajere ne kuma yana canzawa da zafi, yau a sami ratsi gobe a rasa. Abin da ya fi muni, marasa matata a cikinsu suna yoyon haske na nanomita 808 da 1064 wanda ido ba ya gani balle ya ƙifta, amma yana ƙona bayan ido. Ita ma ja ta miliwat 2 ba wasa ba ce: a cire agogo da zobe kafin aiki, kada kowa ya sunkuya idonsa ya zo daidai da tsayin hasken, kuma kada a ajiye kujera a inda hasken zai iya ɓullowa.

Kyamara ita ce ta biyu a tsada, kuma a nan ma ba wurin tsimi ba ne. Girman fiksel, wato kowane ɗan ɗigo mai karɓar haske a fuskar kyamara, shi ke yanke hukuncin kusurwar da za a karkatar da hasken shaida. Da fiksel na maikuromita 3.45 da jan haske, iyakar ƙarshe wajen digiri 5 ce; bayan nan ratsin ya fi fiksel ƙanƙanta, kyamara ba ta ganinsa. A aikace digiri 2 zuwa 3 ake nema. A digiri 2 tazarar ratsi maikuromita 18 ce, wato fiksel 5. A digiri 3 maikuromita 12, fiksel 3 da rabi. Kyamara mai kala tana ɓarnatar da wannan, domin fiksel 1 cikin 4 ne kawai ke karɓar ja, sauran zaman kashe wando suke yi. A nemi mai bit 12, mai matakan haske 4,096, maimakon mai bit 8 da ke da 256 kacal. A kashe duk abin da kyamara ke gyarawa da kanta, a ajiye hoto a TIFF. Wanda ya ajiye a JPEG ya zubar da aikinsa, don matsewar da ake yi wa hoton ƙananan ratsin nan take fara cinyewa.

Yanzu ga inda akwatin ya gaza, kuma dillali ba zai faɗa ba. Farantin alminiyom ɗin da ke ciki ba tebur ba ne, shimfiɗa ce. Idan madubi ɗaya ya motsa da kwatan tsawon zango, wajen maikuromita 0.16, a lokacin ɗaukar hoto, ratsin ya shafe. Gashin kai ɗaya ya fi wannan kauri sau ɗaruruwa. Tirelar da ta wuce a babbar hanya, janareta a bayan gini, injin niƙa a maƙwabta, ɗalibin da ya jingina da tebur, duk sun isa. Teburin da masu ƙera kayan ke sayarwa mai ƙafafun iska yana iya fin akwatin kansa tsada idan an haɗa da jigila da kuɗin duwan. Abin farin ciki, akwai tsohuwar dabara da masu holografi na San Francisco suka yi amfani da ita a farkon shekarun 1970, kuma kayanta a nan ba sa neman kuɗi: rairayi da tub.

A sa kafinta ya yi akwatin katako mai santimita 80 a 60, zurfi 15. Cike da busasshen rairayi zai ɗauki lita 72, nauyi wajen kilo 115. A wanke rairayin, a shanya ya bushe ƙarau, a rufe samansa da leda mai kauri don kada ya zama sabuwar mahaƙar ƙura. A ƙarƙashin akwatin a jera tub na babur guda 3 ko 4, irin na kabu-kabu, a hura su rabi-rabi yadda yatsa zai nutse. Tub da aka cika tam yana isar da girgiza kamar dutse. A saman ledar a ɗora falalen dutse ko kankare mai laushin fuska, sannan farantin alminiyom. Garin da duwatsu suka kewaye Birninsa bai kamata ya rasa falale ba. Duk wannan a ɗakin ƙasa mai daɓen siminti, ba a bene ba. Gwajin teburin mai sauƙi ne: a buɗe hoton ratsin kai tsaye a allo, mutum ɗaya ya buga ƙafa a nesa da mita 2. Idan ratsin ya girgiza ya natsu cikin daƙiƙa 1 ko 2, tebur ya yi. Idan yana rawa ba wanda ya motsa, a rage iskar tub ko a nemo abin da ke taɓa teburin, sau da yawa wayar kyamara ce da aka ja ta yi tauri.

Iska ma abokiyar gaba ce. Canjin digiri 1 a zafin iskar da ke kan hanya mai santimita 30 yana sauya tafiyar haske da kusan maikuromita 0.3, kusan rabin zango, wato ya mai da farin ratsi baƙi. Fanka da kilim suna kaɗa iska mai zafi da mai sanyi a kan faranti, numfashin mutum ma haka. Akwatin ba ya zuwa da murfi, abin mamaki. A yi masa na kwali mai kauri, a shafa baƙin fenti a ciki, a bar lezar a waje tana leƙowa ta ƙaramar kafa don zafinta kada ya taru. A sanyaya ɗakin tun da wuri, a kashe kilim minti 10 kafin ɗauka. Alminiyom yana miƙewa maikuromita 23 a kowace mita a kowane digiri. Wannan jan ƙafa a hankali ba ya ɓata hoto guda na ƴan milidaƙiƙa, amma yana kautar da huda daga saitinta, shi ya sa abin da aka daidaita da safe yakan dushe da azahar. Lokaci mafi daɗin aiki bayan asuba ne, ko bayan isha'i idan gari ya yi shiru.

Ƙura kuwa ba sai an gaya wa Badamagare ba. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ta, da yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta shiga ko ta kafar makulli. Ƙwaya ɗaya a kan ruwan tabarau tana zana zobba-zobba a hoton, ɗaya a bakin hudar maikuromita 25 tana iya toshe ta. Kuskuren da ya fi kashe kaya shi ne goge madubi da bakin riga ko auduga: cikin ƙurar akwai ƙwayoyin yashi da suka fi gilashi tauri, gugar tana karce rufin madubin har abada. A fara hurawa da ƴar robar hura iska, ba da baki ba. Idan tabo ya ƙi, a ɗora takardar goge tabarau, a ɗiga alkol na isofurofil ɗigo 1, a ja takardar sau ɗaya a jefar. Takardun da ke cikin akwatin ba za su kai ƙarshen hunturu ɗaya ba, a ƙara oda tun farko. Ita kyamara tunda ba ta da ruwan tabarau a gaba, fuskarta a buɗe take. A mayar da murfinta duk lokacin da aka tashi.

Wuta: duk ɗaukewa tana nufin sake jiran rabin awa na ɗumin leza, hawa da saukarta kuma suna gajarta ran akwatin wutar. Leza da kyamara da kwamfuta ba sa cin wuta sosai, ƙaramar na'urar batir mai riƙe wuta ta ishe su. Kada a tayar da janareta kusa da ɗakin, girgizarsa ta fi rashin wutar illa.

Haɗawa tana bin tsari, kuma tsallake mataki shi ke cinye yini. A fara da daidaita hasken leza ya tafi a tsayi ɗaya, a ce santimita 10 daga faranti, a auna da kati kusa da nesa. Sai matatar haske: ruwan tabarau mai ninki 10 yana tara hasken ya zama ɗigo na wajen maikuromita 16, a lallaɓa hudar har ɗigon ya faɗa cikinta. Wannan shi ne wuri mafi cin rai. A fara da hudar nesa kaɗan da wurin tarawa, a nemi ɗan haske a farar takarda, a matso a hankali ana gyara hagu da dama har ya zama fili mai sumul ba zobe. Ruwan tabarau na milimita 200 a bayanta zai miƙar da shi ya zama faɗin milimita 10; alamar ya miƙe ita ce faɗinsa bai canza ba daga nan zuwa bango. Marabi na farko ya raba shi, madubai biyu su juya hanyoyin, marabi na biyu ya haɗa su a gaban kyamara. A auna hanyoyin da zare, kada bambancinsu ya wuce santimita 1 ko 2. Daga nan a buɗe lissafin Fourier kai tsaye a allo: za a ga tabo 3, babba a tsakiya da ƙanana 2 a gefe. A juya madubin shaida har na gefen su tafi ta kusurwa, su rabu sarai da na tsakiya ba su kai baki ba.

Kada a zuba madara tukuna. A rataya allura ko zaren tagulla na milimita 0.2 a cikin kwalbar, a cika da tsabtataccen ruwa, a ajiye ta santimita 20 daga kyamara, a ɗauki hologiram a wanke shi: a yanko tabon gefe ɗaya, a mayar da shi tsakiya, a juya lissafin, a tura hasken baya da lissafi har allurar ta fito tsaf. Nisan da za a rubuta ba zai zo daidai da na ma'auni ba, domin ɓangaren da ke cikin ruwa sai an raba shi da 1.33. Da faɗin kyamara na milimita 7 a wannan nisa, mafi ƙanƙantar abin da za a iya rarrabewa wajen maikuromita 20 ne idan komai ya tafi daidai. Wanda bai sami hoto mai kyau a ruwa mai tsabta ba, madara ba za ta gyara masa ba.

Zaɓen madara yana da muhimmanci fiye da yadda littafin akwatin ya nuna. Ɗanyar madarar shanu ƙwayoyin kitsenta manya ne, suna tasowa sama, gurɓin ya bambanta daga saman kwalba zuwa ƙasa, kuma a zafinmu kafin a gama ta kama hanyar zama kindirmo. Ta kwali wadda aka daddatsa kitsenta a masana'anta ta fi zama ɗaya. Ta gari ma tana yi idan an dama sosai an tace. Ruwan famfo yana kawo kumfa da gishiri-gishiri. A yi amfani da tataccen ruwan da ake zuba wa batir, a tabbatar ba mai asid ba ne. A haɗa mililita 10 na madara da 90 na ruwa, a zuba ruwa zalla mililita 3 a kwalbar, a riƙa ƙara haɗin ɗigo ɗaya-ɗaya, kowane ɗigo wajen mililita 0.05. Bayan kowane ɗigo a toshe hasken shaida, a auna abin da ya rage na miƙaƙƙen haske ta ƙaramar kafa daga nesa. Wannan awo shi ne ma'aunin gurɓi na gaskiya, ba yawan ɗigo ba, don madara ta bambanta da madara.

Ga lissafin da ya kamata a rubuta a bangon ɗakin. Akwai matsakaicin nisan da haske ke tafiya kafin ya yi karo ɗaya. Bayan nisa 1 irin wannan, kashi 37 cikin 100 ne ya rage a miƙe. Bayan 5, kashi 1 cikin 148. Bayan 10, kashi 1 cikin 22,000. Bayan 20, kusan 2 cikin biliyan. Abin da ke ceton holografi shi ne ƙarfin ratsi ba ya bin wannan adadi kai tsaye, tushen murabba'insa yake bi, hasken shaida yana ɗaga raunanan haske: a nisa 10 ratsin ya ragu sau 148 ne, ba sau 22,000 ba. Wannan ne ya sa yake gani bayan ido ya sallama. Don a ci moriyarsa, a tura mafi yawan hasken ta hanyar kwalba, a rage na shaida da matata har ya cika kusan rabin ƙarfin kyamara. A sa baƙin bututu da ƙaramar kafa tsakanin kwalba da marabi don watsattsen haske ya sami bango, a ƙara matatar fuskar kaɗawa, wadda ke zubar da kusan rabin hasken da ya sha karo da yawa.

Tsawon buɗe idon kyamara ciniki ne tsakanin abu biyu. Gajere ƙwarai, ƙwayoyin madara ba su motsa ba, watsattsen haske ya yi nasa ratsin, hoto ya cika da dabbare-dabbare kamar bayan zabo. Dogo ƙwarai, girgizar tebur ta shafe komai. A fara da milidaƙiƙa 20 zuwa 50. Hasken da ya kauce kaɗan kawai shi ne mai taurin kai, takunsa a hankali yake canzawa, kuma maganinsa a sa ruwan ya gudana. Gudun milimita 1 a daƙiƙa ya isa ya kautar da ƙwaya da tsawon zango guda cikin ƙasa da milidaƙiƙa 1. Injin motsa ruwa yana girgiza tebur. Robar ƙarin ruwa ta farmasi, a rataye ta sama tana ɗiga ta fita ta wata robar, ta fi shi. Sauran dabbaren kuma a rage shi da tara hotuna: 25 suna rage shi sau 5, 100 sau 10. A nan ɗalibai ke faɗawa rami. Ba ɗanyun hologiram ake tarawa ba, domin ratsinsu ya ɗan gusa daga ɗaya zuwa ɗaya, za su kashe juna. A wanke kowane ɗaya daban, sannan a tara hotunan da suka fito.

Wanda ya ga wannan nasara yakan ɗauka gilashi mai dusashe ko farar leda za su fi sauƙi, tunda sun fi madara siranta. Akasin haka ne. Abin da ba ya motsi takun haskensa ba ya canzawa, leza mai doguwar jituwa tana karɓar watsattsen da miƙaƙƙen duka, allo ya cika da bayan zabo. Sai dai a juya gilashin a hankali ana tara hotuna, ko a koma ga fitila mai gajeren jituwa: wadda ke kan nanomita 850 da faɗin launi nanomita 30 jituwarta wajen maikuromita 24 ce, tana karɓar hasken da ya iso a kan lokaci kawai. Wannan ba ya cikin akwatin, kuma yana buƙatar mariƙin madubi mai tafiyar maikuromita da kwalba ta biyu mai ruwa zalla a hanyar shaida, tunda ruwan milimita 10 kaɗai yana ƙara milimita 3.3 a tafiyar haske.

Batun jiki kuwa a ajiye shi. A fata da tsoka haske yana karo kusan kowane kashi 1 cikin 10 na milimita. Milimita 1 ya riga ya cinye nisa 10. Tafin hannu mai kaurin santimita 2 nisa 200 ne, abin da ya rage a miƙe 1 ne cikin adadi mai sifili 87. Babu lezar da za ta cike wannan. Bangon ƙasa ya fi haka, don shanye hasken yake yi. Ɗan'uwan wannan dabara da ya shiga asibiti da gaske shi ne na'urar OCT ta likitocin ido, wadda ƙungiyar James Fujimoto a MIT ta gabatar a 1991, ita ma milimita 1 zuwa 2 take shiga tsoka. Likitan da ke neman ganin ciki, eko da hoton ƙashi su ne kayansa. Masu bincike suna ta neman hanyar amfani da watsattsen hasken kansa: Ivo Vellekoop da Allard Mosk a Jami'ar Twente sun tara haske ta bayan farin fenti a 2007 ta hanyar gyara siffar hasken kafin ya shiga, masu bincike a Italiya sun ga mutum ta cikin hayaƙi da harshen wuta a 2013 da leza ta maikuromita 10.6, Florian Willomitzer da abokan aikinsa a Jami'ar Northwestern sun fito a 2021 da haɗa leza biyu masu launi kusa da juna, misali nanomita 850 da 850.7, waɗanda tare suke ba da wani sabon zango mai kusan milimita 1 wanda ƙananan karo ba sa rikita shi sosai. Hotunan waɗannan ayyuka ne dillalai ke liƙawa a talla. Babu ko ɗaya da akwatin nan zai yi.

Manhajar da ke zuwa da shi tana aiki amma a rufe take, danna nan ka ga hoto, ɗalibi bai san me ya faru ba. Duk wankin hologiram ɗin bai wuce ƴan layuka a Python da NumPy, kayan rubuta manhajar lissafi, ba, kuma rubuta su da hannu shi ne rabin darasin. Littafin bayani galibi da Turancin Ingilishi yake zuwa, ɗalibanmu kuwa da Faransanci suka yi karatu. A nemi na Faransanci a rubuce cikin sharuɗɗan oda, in babu malami ya shirya takardar aikinsa.

Ga sashen kimiyyar lissafi da haske a Jami'ar André Salifou, ko wata makaranta mai ɗaki guda da za a iya rufewa a sanyaya, akwatin ya cancanci kuɗinsa, domin da kaya ɗaya za a koyar da haɗuwar haske, lissafin Fourier, awon gurɓi da rubuta manhaja. Ga lise mai ɗalibai cunkus a aji ɗaya, ko asibiti, ko mai neman na'urar gano abin da ke cikin bango, ba nasu ba ne. Mai yin oda ya rubuta waɗannan ƙarara: leza ja mai tsayayyar fuska da akwatin wuta na bolt 220, kyamara fari da baƙi mai bit 12, huda ta maikuromita 25 guda 2 ko 3 don ɗaya za ta toshe, kwalaben gilashi ba na roba ba, don na roba suna karcewa kuma suna murɗa fuskar haske. Farantin kuma ya zama mai ramukan M6, wato na sukuru mai kaurin milimita 6, a tazarar milimita 25, ba na awon inci na Amurka ba. Sukurun M6 idan ya ɓace cikin rairayi ana samun madadinsa wurin masu kayan ƙarfe a kasuwar Dole. Na inci sai an jira wani jirgin.